Shawarwarin da aka tattaro kan yaƙi da ciyawar kudzu

Wasu maƙwabta a kudancin ƙasar Amurka sun zauna kan yadda za su raba unguwarsu da kudzu, ciyawa mai yaɗo da ke hawa bishiyoyi da turakun lantarki har ta lulluɓe su. Daga Japan aka kai ta baje kolin birnin Filadelfiya na Amurka a 1876, kuma a shekarun 1930 gwamnati da kanta ta riƙa biyan manoma su shuka ta don tare zaizayar ƙasa. Da zafi takan ƙara tsawon kusan ƙafa ɗaya a rana.

Inda baki ya zo ɗaya shi ne, sarar ganye kawai wahalar banza ce. A bi yaɗon har gindinsa, a tono ƙullin da ke saman saiwa a yanke shi, don daga nan take tohowa. Ba sai an haƙo ƙatuwar saiwar ba. Wadda ta hau bishiya kuwa, a datse ta daga ƙasa a bar na sama ya bushe, kada a ja, reshe na iya faɗowa kan mutum.

Wasu sun kawo shawarar a sako awaki su cinye ta, yadda birnin Chattanooga ya taɓa yi. Ni ma na fi karkata nan, sai dai dole a yi ta maido su shekaru a jere kafin saiwar ta gaji.

Kan maganin feshi ne aka yi saɓani. Masu goyon baya sun ce a shafa shi a kututturen da aka yanke, nesa da rafi. An kuma tsayar da ranar aikin gayya, tunda gida ɗaya in ya yi sakaci, ta katangarsa za ta dawo.