Renon 'ya'ya cikin bangaskiyar Kirista a Turai: abin da iyaye suka gani

Maman Alheri, Leeds

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ina roƙon waɗanda suka riga ni shiga wannan hali su faɗa mini yadda suka yi. Mu 'yan ikilisiyar ECWA ne daga Kaduna, aikin jinya ya kawo mu Ingila. A gida ban taɓa damuwa da ko yaro zai je sujada ba, don unguwa gaba ɗaya ke tashi ranar Lahadi, in ma ya maƙale maƙwabciya za ta kora shi. A nan kuwa ɗana mai shekara 11 ya ce shi kaɗai ke zuwa coci a cikin abokansa, kuma ƙungiyar ƙwallon da ya shiga da safiyar Lahadi take wasa. Ya fara tambayata me ya sa mu kaɗai. Babu mai tsananta mana, babu mai zagin Yesu a gabansa. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne zancen Allah bai dami kowa ba, kuma ina ganin wannan halin ko-in-kula yana shigarsa a hankali.

Baban Ishaku, Birmingham

Maman Alheri, sannu da ƙoƙari. Abin da yaron ya gani gaskiya ne. A ƙidayar 2021, kashi 46 cikin 100 ne kawai suka ce su Kirista ne a Ingila da Wales, kashi 37 kuma suka ce ba su da addini. Karon farko ke nan da Kirista suka kasa kai rabi. Don haka kada ki ce masa abin da idonsa ya gani ba haka ba ne, zai daina yarda da ke.

Batun ƙwallo, mu ma mun sha shi. Na bi gari na nemo ƙungiyar da ke wasa ranar Asabar, ko da yake ta fi nisa. Ban ce masa ƙwallo zunubi ba ne. Na ce masa a gidan nan safiyar Lahadi tana da mai ita, ni kuma na ɗauki nauyin kai shi ranar Asabar ko na kwana a wurin aiki. Da ya ga abin ya ci mini barci da kuɗin mai, sai ya gane da gaske nake.

Darasin addini a makarantarsu kuma duk addinai ake koyarwa, har da ra'ayin waɗanda ba su yarda akwai Allah ba. Doka ta ba iyaye damar cire yaro daga ajin, amma ban cire nawa ba. Gara ya ji tambayoyin yanzu yana ƙarƙashin rufina, ya kawo su wurin cin abinci mu tattauna, da ya fara jin su a jami'a shi kaɗai.

Talatu, Hamburg

A Jamus shaguna a rufe suke ranar Lahadi, gari tsit, ƙararrawar coci na kaɗawa, amma in ka shiga yawanci tsofaffi za ka tarar. Kuma a nan yaro in ya kai shekara 14, doka ta ba shi ikon zaɓar addininsa da kansa. Koyar da yaro a gida maimakon makaranta ma ba a yarda da shi ba. 'Yata da ta kai wannan shekarun ta zo ta ce mini ba ta da tabbacin ta gaskata. Na yi kuka a ɗaki, ba a gabanta ba. Abu ɗaya na roƙe ta: ta ci gaba da zama da mu a addu'ar dare ko ba za ta buɗe baki ba. Tana zama. Har yanzu ba ta nemi baftisma ba, kuma ban daina yi mata addu'a ba. Na faɗi haka ne don kada a ɗauka duk wanda ya rubuto nan labarin nasara ya kawo.

Baba Dattijo, Jos

'Ya'yana, ni ina gida, jikokina ne ke Kanada. Shawarata ita ce in yaro ya fara taurin kai a dawo da shi makarantar kwana ta mishan. A nan zai shiga FCS, wato zumuntar ɗalibai Kirista, zai haddace ayoyi, zai ga sa'o'insa suna yin addu'a ba tare da kunya ba. Mu haka aka rene mu, da makarantar Lahadi da ƙungiyar yara maza ta coci, wato Boys' Brigade, da bulala in ta kama.

Maman Jummai, Glasgow

Baba, Allah ya ƙara girma, amma ku yi mini haƙuri in faɗi abin da na gani. Na san iyalin da suka mayar da ɗansu gida, ya dawo da ayoyi cike da kai da kuma fushin cewa an yar da shi. Akwai waɗanda abin ya yi wa amfani, ban musa ba, sai dai yaron da ya ɗauki makarantar mishan a matsayin horo da wuya ya so Allahn da aka tura shi wurinsa. Bulala kuwa, a Scotland doka ta hana dukan yaro gaba ɗaya tun 2020, Wales ta bi a 2022. Iyayen da suka iso kwanan nan su san wannan tun wuri. Afisawa 6:4 ma, kafin ta ce a goyi yara cikin horon Ubangiji, sai da ta gargaɗi ubanni kada su tsokane su su yi fushi.

Malam Yakuba, Lyon

Ni mutumin Maraɗi ne, a cikin Musulmi na tashi, mu Kirista tsiraru ne ƙwarai. Saboda haka zama 'yan kaɗan bai ba ni tsoro ba. Bambancin shi ne a Nijar maƙwabcina yana tashi sallar asuba, ɗana yana ganin kowa na tsoron Allah. A Faransa an raba coci da gwamnati tun 1905, kuma dokar 2004 ta hana ɗalibai sa alamar addini da ta fito fili a makarantun gwamnati, har da babban gicciye. Ana ɗaukar addini abin cikin ɗaki. To, na mayar da ɗakin makaranta. Ranar Laraba da rana yaran firamare ba su da aji, mu iyalai kaɗan muke karɓa-karɓa, a tara su a koya musu labaran Yusufu da Daniyel da Esta. Da gangan muka zaɓi waɗannan, don su ma a ƙasar wasu suka riƙe bangaskiyarsu.

Rifkatu, Landan

Iyayena, ku ba ni dama, ni ce irin yaran da kuke magana a kai. Ina da shekara 6 aka kawo ni, yanzu ina aiki. Abin da ya kusa fitar da ni daga coci shi ne zumuncinmu na 'yan gida: sujada mai tsawo da Hausar da ban iya sosai ba a lokacin, kuma in na yi tambaya a ce Turai ta lalata ni. A makaranta ana yaba mini in na tambayi dalili, a coci ana harara ta. Yaro zai karkata wurin da ake sauraronsa.

Abin da ya riƙe ni shi ne mahaifiyata. Takan dawo daga aikin dare ƙafafunta a kumbure, ta durƙusa ta ambaci sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, ba ta san ina ji ba. Kuma da na tambaye ta ina Allah yake lokacin da aka kashe mutane a ƙauyenmu, ba ta daka mini tsawa ba. Ta ce ita ma ta tambaye shi, ta buɗe mini Zabura inda Dawuda ya yi irin wannan kuka. Daga baya ta bar ni na shiga ƙungiyar matasa ta wata ikilisiyar Anglika kusa da mu, duk da gunagunin wasu a Zumuntar Mata. A can na samu abokai sa'o'ina masu bi, kuma a can na nemi baftisma da bakina.

Baba Dattijo, Jos

'Yata Rifkatu, na karanta naki har ƙarshe. Ban sake ra'ayi a kan makarantar mishan ba, amma maganar tambaya ta shige ni. Babban jikana yakan yi shiru in na kira su ranar Lahadi da yamma, ni kuma waƙa da aya kawai nake sa su. Wannan makon zan ce wa uwarsa ta ba shi wayar shi kaɗai, in ji abin da ke ransa. Ku da ke can, ku faɗa mini irin tambayoyin da 'yan shekara 13 ke yi, in shirya.