Muhawara: Me Ya Sa Ake Yi wa Wasu Ƙungiyoyin Addini Kallon Ƙungiyoyin Asiri?

Malam: Assalamu alaikum. A ganina, jama'a ba sa bincike kafin su laƙaba wa ƙungiyar addini sunan ƙungiyar asiri. Ya ishe su a ce sabuwa ce, mabiyanta kuma ba su da yawa. Kiristocin farko a Daular Rum sun sha wannan, domin a gidaje suke taruwa, sai aka yaɗa cewa naman mutum suke ci, har Sarki Nero ya ɗora musu alhakin gobarar Rum a shekara ta 64.

Hajiya: Wa alaikumus salam. Malam, ban musa tarihin ba, amma tsoron mutane yana da dalili. Ranar 18 ga Nuwamba 1978 mutum fiye da 900 suka mutu a Jonestown ta ƙasar Guyana, bayan Jim Jones, shugaban wata ƙungiyar addini, ya umarci mabiyansa su sha guba, kuma ɗaruruwa daga cikinsu yara ne da ba a nemi yardarsu ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya gabaci ranar: ya kwashe su daga Amurka zuwa daji, ya raba su da danginsu, an karɓe musu fasfo, an sa masu gadi da makamai, babu kuma wanda ya isa ya ce masa don me.

Alhaji: Ina bayan Hajiya. Ƙungiyar Aum Shinrikyo ta saki iska mai guba a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo a 1995, sannan a 2023 aka fara tono gawawwakin mabiyan wani fasto a dajin Shakahola na Kenya har suka haura 400. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Malam: Alhaji, ai tsumman nake tausaya wa. A 2017 Kotun Ƙolin Rasha ta haramta ayyukan Shaidun Jehobah bisa zargin tsattsauran ra'ayi, alhali mutane ne da aka sani da ƙin ɗaukar makami. Idan sunan ƙungiyar asiri ya zama sanda a hannun hukuma, babu ƙaramar ƙungiyar da za ta tsira.

Hajiya: Na yarda cewa an zalunce su a Rasha, Malam, shi ya sa ni ba aƙida nake aunawa ba. Ina duba ko akwai mai iya ƙalubalantar shugaba, ko mabiya sun san inda dukiyarsu take tafiya, ko kuma mai son fita zai fita lafiya. Su ma Shaidun Jehobah, ƙorafin da tsofaffin mabiyansu suka fi yi shi ne yadda ake ƙaurace wa wanda aka kora, wani lokaci har da danginsa na jini. Me za ka ce a kan wannan?