Abin da aka tattauna kan batir, wayarin da amsa waya a mota

Hirar ta taso ne daga wani direba da motarsa ke ƙin tashi kowace safiya, alhali batirin bai shekara ba. Mafi yawan waɗanda suka tanka sun ce kada ya yi saurin sayen sabo, ya fara zuwa wurin mai wayarin a auna. Lafiyayyen batir yana nuna kusan volt 12.6 in mota a kashe take. In an tayar, ya kamata ya haura zuwa 14 ko kusa da haka. In bai haura ba, yawanci altaneta ce, wato na'urar da ke cajin batir in mota na aiki, ba ta caji, kuma sabon batir ma mutuwa zai yi.

An daɗe a kan farin garin nan da ke taruwa a kan batir. Ruwan zafi da buroshi sun isa, amma a fara cire wayar da ke da alamar ragi, ita kuma za a mayar a ƙarshe. Fiyus in ya ƙone, a sa mai lamba iri ɗaya. Masu naɗa zaren waya a madadinsa, gobara suke kira, kuma na yarda da wannan.

Batun Bluetooth, wato haɗa wayar hannu da mota ba tare da igiya ba don amsa kira, bai ja dogon zance ba: a haɗa wayar kafin a tashi, a goge tsofaffin wayoyin da mota ta riƙe in tana gardama. Wani ya tunatar cewa ƙaramar na'urar da ake sokawa a ramin caja tana shan batir a wasu motocin ko an zare makulli, don haka a cire ta da dare.