Karatu ta waya da lafiyar ƙwaƙwalwa: shawarwarin da aka bayar

Jama'a ga taƙaitaccen abinda ya fito a hirarmu da 'yan uwa masu karatu a NOUN (jami'ar tarayya ta karatu daga nesa) da iyayen yaran da ke shirin JAMB, wadda tun 2015 ta koma kwamfuta gaba ɗaya.

Abinda aka fi nanatawa shine bacci. Da yawa suna sayen data ɗin dare saboda arha, su kwana suna sauke lakca har asuba, da safe kai na sarawa ga saurin fushi ga mantuwa, mutum ya karanta shafi sau uku bai riƙe komai ba sai ya ɗauka shi ne daƙiƙi alhali gajiya ce kawai. Shawara: a sauke da dare in ya zama dole, amma a ajiye wayar a kwanta, karatun sai da rana.

Wata malama tace kaɗaici ne ke cinye ɗalibin intanet, ba aboki ba malamin da zai kalli fuskarka ya gane akwai damuwa. Tace a haɗa rukunin mutum uku ko huɗu a riƙa zama ido da ido ko sau ɗaya a sati. Wallahi wannan tafi kama min hankali, don wannan tsari na karatu ta intanet gaba yake ƙara yi.

Iyaye kuma don Allah a daina kwatanta makin yaro da na ɗan maƙwabta.

In damuwa ta wuce sati biyu, ba ci ba bacci, addu'a na nan amma a haɗa da ganin likita, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware (jihar Sakkwato) da Maiduguri, kuma zuwa can ba hauka bane.