Hoton Inna na yarinta ya manne da gilashi, in ba da a gyara?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Muna da hoton mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, tana 'yar shekara bakwai. Baƙi da fari ne, a Ƙaura Namoda aka ɗauka tun ana kashe sule, kafin naira ta zo a 1973. Danshin damina ya manne shi da gilashin, kuma shi ke nan gare mu. Wani yaro nan Gusau ya ce zai ɓamɓare shi ya sa masa kala a kwamfuta. In ba shi?

Ɗan Ƙaura: Allah ya jiƙan Inna. A yi masa laminatin kawai.

Maman Hanifa: Malam, cewa na yi ya manne da gilashi.

Baba na Argungu: Kar ki ɓamɓare, ɗiyata. Fuskar hoton ce ta kama, kina ja za ta bi gilashin. A sake ɗaukarsa yana ciki.

Gwaggon Yara: Ni dai an yi mani. Hoton yayana na bayar, wanda ƙyanda ta kashe yana ɗan biyar. Mai shago ya ce bayan Sallah. Bayan Sallah sai ga wani abu ta WhatsApp: an haske yaron, an goge zanen fuskarsa, har haƙora aka sa masa. Tsohuwarmu ta duba ta ce, wanga ɗan wa? Na asalin kuwa wai ya ɓace wajen tashin shago. Har yau ban yafe ba.

Ɗan Ƙaura: Dubu biyu ake yi a Birnin Kebbi.

Gwaggon Yara: Dubu goma sha biyar na biya!

Sani Waya: Kyauta ne a waya. Baba, zamaninku ya wuce.

Baba na Argungu: Ina wanke hoto a ɗakin duhu ba a haife ka ba.

Malama Jega: Yaran da, ga kwalli ga kunya, ko murmushi babu.

Sani Waya: Wace kunya, Malama? Tsoro ne, an ce wanda ya motsa zai sha bulala.

Malama Jega: Gara su. Yanzu 'yar nazare sai an yi mata hoda da jan baki, makaranta ta ce kuɗin hoton yaye dole ne.

Ɗan Ƙaura: Mu har da hayar riga. Ku nawa aka ce?

Maman Hanifa: Jama'a, gilashin fa?