Man riɗin da Anti ke zubawa duk Asabar zai iya goge karmar ɗanta?

Ɗalibar Pune:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata ta uku ke nan ina karatun harhaɗa magunguna a Pune, ƙasar Indiya, ina haya a gidan wata dattijuwa 'yar Hindu da nake kira Anti. Matar nan riƙon 'ya ta yi min. Da azumi ita ke ƙwanƙwasa min ƙofa in tashi sahur, alhali ba addininta ba ne. Shi ya sa halin da take ciki ya tsaya min a rai.

Ɗa ɗaya gare ta. Cikin wata biyar ya rasa aiki, ya faɗi a babur ya karye a ƙafa, aurensa da aka sa wa rana ya fasu. Ta kai kundali ɗinsa, wato taswirar taurarin ranar haihuwarsa, wurin mai duba, aka ce mata ya shiga Sade Sati, shekaru bakwai da rabi na wahala a hannun Shani, wato tauraron Zuhal da suke bauta wa. Tun daga nan duk Asabar ba ta sa komai a baki sai yamma. Takan ƙulle baƙin riɗi a baƙin ƙyalle, ta ɗauki 'yar kwalbar man riɗi ta fita, ta dawo hannunta na maiƙo. Har Shani Shingnapur ta je, garin nan da gidajensa ba su da ƙyaure, aka kwarara wa baƙin dutsen can mai. Yanzu kuma an ce sai ta kai shi Trimbakeshwar kusa da Nashik a yi masa wata ibada mai suna Narayan Nagbali, kwana uku. Jiya na ga babu awarwaron zinare a hannunta, ashe ta kai jingina.

Ita da bakinta ta sha faɗa min cewa abin da mutum ya shuka a rayuwar baya dole ya girbe shi, wannan ita ce karma. To in haka ne, me man zai yi? Na san hukuncin wannan a addinina, ba shi nake tambaya ba. So nake in san abin da su kansu suka ce, don in yi mata magana ba tare da na taka abin da take girmamawa ba.

Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam. 'Yata, tambayar nan ta girmi kakanninmu, malamansu sun fi shekara dubu biyu suna ja-in-ja a kanta. A littafin dokokin Gautama, babi na 19, an kawo ra'ayin masu cewa kada a yi kaffara, domin aikin da aka riga aka aikata ba ya gushewa, sannan marubucin ya rinjayar da cewa a yi. Kaffarar suna kiranta prayaschitta. Babi na 11 na Manusmriti, wani littafin dokokinsu, cike yake da ita. Akwai azumin Chandrayana: ran da wata ya cika loma 15 za ka ci, kullum ka rage ɗaya, har ran ɓatan wata ka wuni ka kwana babu ko loma, sannan ka riƙa ƙara ɗaya-ɗaya. A wurinsu wahalar da ka ɗora wa kanka da nadama tana rage wadda ke jiranka.

Malaman Vedanta, wata mazhabar falsafarsu, sun kasa karma uku, suna misali da maharbi. Kibiyoyin da ke cikin kwari su ne sanchita, tarin ayyukan rayuwoyin baya da ba su nuna ba tukuna. Wadda ke kan tsirkiya ita ce kriyamana, abin da kake aikatawa yanzu. Wadda ta riga ta bar baka kuwa prarabdha ce, ita ta ba ka wannan jikin da wannan gidan. Ta kwari ana iya ƙone ta, ta hannu ana iya fasa harbawa, amma wadda ta tashi sai ta sauka, ko a kan waliyyinsu ne. Don haka masu tsauri cikinsu za su ce miki karayar ƙafar nan babu man da zai hana ta. Masu duban taurari ne ke cewa akwai karma mai kauri da mai sauƙi, mai sauƙin tana lanƙwasuwa da sadaka da azumi.

Shani kuwa Zuhal ne. Yana kusan shekara 30 kafin ya gama zagaye, kimanin biyu da rabi a kowane buruji. Buruji uku ke nan suka ba da bakwai da rabi, kuma kowa sai ya shige ta, yawanci sau biyu ko uku a rayuwa.

Baban Khalifa:

Ƙanwata, ni jinginar zinaren ce ta ɗaga min hankali. Na yi shekara shida ina saro kaya a Mumbai, na ga yadda ake tatsar uwa idan ɗanta na kwance. Ki lura, Narayan Nagbali ba ta Shani ba ce. Ana yinta ne don magabatan da suka yi mutuwar da ba ta daɗi ba, da kuma alhakin kashe maciji. Me ya kawo ta cikin maganar Sade Sati? In an gama wannan wata za a ɓullo da ita. A Pune ɗin da kike aka harbe Dakta Narendra Dabholkar ranar 20 ga Agusta 2013, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana yaƙi da masu cin kuɗin jama'a da sunan tsafi, bayan mutuwarsa jihar Maharashtra ta kafa doka a kai. Kuma a Bhagavata Purana, littafinsu ne, an kwatanta kaffarar da ba ta sauya hali ba da wankan giwa: ta fito daga ruwa fes, ta ɗebi ƙura da haurenta ta watsa wa kanta.

Hajiya Uwani:

Da hancinta dai, Baban Khalifa. Amma ban yarda duka cuta ba ce. Mata irin Anti ba Vedanta suka tashi da ita ba, labarin Markandeya suka tashi da shi, yaron da aka rubuta zai mutu yana shekara 16, ya rungume gunkin Shiva, ɗaya daga cikin manyan allolinsu, mutuwa ta koma hannu wofi. A fahimtarsu mai bin bashi yana iya yafewa in ya ji ƙai. Na yi jinyar mijina wata huɗu a Chennai, na zauna da irinsu a barandar asibiti. Uwa ce ta rasa abin yi da hannuwanta. 'Yata, kada ki yi mata gardamar azumin Asabar. Ki yi mata maganar zinaren kawai, ki kuma tambaya ko yaron na zuwa gashin ƙashi.

Ɗalibar Pune:

Na gode Malam, na gode Yaya, na gode Hajiya. Daren jiya muna tsinar shinkafa na ba ta misalin maharbin nan. Ta san shi sarai. Ta ce min, kibiya za ta sauka, amma gara ta same shi a kafaɗa da ta same shi a ido. Sai na kasa cewa komai.

Na dai tambaye ta me ya haɗa Nagbali da Shani. Ta yi shiru, can ta ce za ta kira yayanta a Satara, shi ma pandit ne, wato malamin addininsu, kuma ba ya karɓar ko rupi ɗaya a hannunta. Gashin ƙashin ashe sati uku bai je ba. Ranar Litinin ba ni da lacca da safe, ni zan raka su.