Kasuwa Ko Ƙuri'a: Musayar Baitoci Kan 'Yancin Ɗan Adam

Malam Mai Tawada:

Assalamu alaikum. Ga muhawara na kawo a waƙe, mai amsawa ya riƙe amsa-amon "wa".

Da sunan Allah nake farawa,
Tambaya gare ku, ya 'yan'uwa.
Wanne ya fi 'yanta ɗan Adam,
Ƙuri'a ko 'yancin nema a kasuwa?
Ni dai kasuwa na sa a gaba,
Ku ji dalilina kafin musantawa.

A ƙasar Sin, cikin 1978,
Ƙauyen Xiaogang na fama da yunwa.
Manoma 18 suka taru a ɓoye,
Suka dangwala yatsa, suka yi rantsuwa:
Gonar haɗaka za su raba gida-gida,
Kowa ya ci gumin da yake zubarwa.
Damina ɗaya rumbu ya cika,
Babu akwati, babu ƙuri'ar kaɗawa.
Jagoran Sin Deng Xiaoping ya sassauta igiya,
Kasuwa ta buɗe, aiki na samuwa.
Kusan miliyan 800, in ji Bankin Duniya,
Suka bar ƙangin talauci mai kashewa.
Wanda gwamnati ke riƙe da cikinsa,
Bakinsa ba shi da ikon buɗewa.

'Yar Malam:

Allah ya ƙara sani, Malam, amma daga tsakiya ka ɗauko labarin.

Ka koma baya kamar shekara 20,
Ka ga inda aka haifi waccan yunwa.
Daga 1959 zuwa 1961,
Gomman miliyoyi suka tafi kushewa.
Jami'ai na ƙara wa girbi lissafi,
Don tsoron na sama ya yi musu tsawa.
Gwamnati na kwasar hatsi a kan ƙarya,
Manomi na kallo, 'ya'yansa na mutuwa.
Babu jaridar da za ta tona,
Babu majalisa mai 'yan adawa.

Amartya Sen, masanin tattalin arziki mai lambar Nobel ta 1998,
Ya bi tarihi yana tantancewa:
Ƙasa mai zaɓe da jarida mai baki
Ba ta faɗawa cikin babbar yunwa.
Shugaban da ke tsoron ranar zaɓe,
Dole ya ji kukan masu kaɗawa.
Ka kuma tuna zanga-zangar dandalin Tiananmen na Sin a 1989,
Kasuwa na ci, tankokin yaƙi na shigowa.

Malam Mai Tawada:

Ƙanwata, hujjarki gidana ta sauka,
Ƙwace gonaki ne ya jawo yunwa.
Da an bar manomi da ikon gonarsa,
Wa zai shiga rumbunsa yana kwashewa?
Indiya tana zaɓe tun 1951,
Amma masana'anta sai da lasisin kafawa.
Mutum ya shekara yana bin ofisoshi,
Ƙuri'a a hannu, jari na narkewa.
Sai a 1991 aka waiwayi ɗaurin,
Ministan kuɗi Manmohan Singh ya ja ragamar kwancewa.

Ƙanin Kowa:

Yaya, Malam, ku yi mini izini in juya amsa-amon zuwa "ya".

Ni Bouazizi ne ya tsaya mini a rai,
Mai tallan kayan marmari a Tunisiya.
Baro ne shagonsa a Sidi Bouzid,
Da shi yake riƙe ƙanne da mahaifiya.
Ranar 17 ga Disamba, 2010,
Jami'ai suka ƙwace sikelinsa a kan hanya.
Ya tafi ofishin gwamna kai kuka,
Ƙofa a rufe, babu mai jin gaskiya.
Ya cinna wa kansa wuta a gaban ginin,
Wata bai cika ba Shugaba Ben Ali ya gudu Saudiyya.
Ku gaya mini wanne aka raba shi da shi,
Sana'arsa ce ko kuwa murya?
Ni na ga hannu guda ya ɗauke su tare,
A gari ɗaya, a rana ɗaya.

Dattijon Zaure:

Madalla da kai, yaro. 'Ya'yana, ga nawa.

Dukiyar da babu kotun da ke kare ta,
Ta mai bindiga ce, kai kake ajiyewa.
Uganda a 1972 ta isa shaida,
Idi Amin ya tashi da sanarwa:
'Yan Asiya su fita cikin kwana 90,
Shago da gida suka bari suna ficewa.
A Chile Janar Pinochet ya saki kasuwa,
Bayan juyin mulkin 1973 da ya aiwatar da tsiya da tsawa.
Filin ƙwallo ya koma kurkuku,
Sama da 3,000 aka kashe ko suka yi ɓacewa.

Hong Kong ta yi suna a 'yancin ciniki,
Dokar tsaro ta 2020 ta zo da rufewa.
Jaridar Apple Daily na da masu saye,
Aka toshe asusunta, 2021 ta daina fitowa.
Zanen aro ba ya rufe katara,
Malam, mai shi na nan, zai zo karɓewa.

Malam Mai Tawada:

Baba, na durƙusa, na karɓi wannan,
Amma saura baiti ɗaya na karewa.
Koriya ta Kudu da soja ta yi arziki,
Ma'aikata da ɗalibai suka samu tsayuwa.
A 1987 suka cika tituna,
Sai da aka ba su zaɓen shugaba na kowa.
Taiwan ma a wannan shekarar
Ta ɗage dokar soja mai daɗewa.
Cikin da ya ƙoshi shi ya nemi ƙuri'a,
Kasuwa ce ta share fagen zuwa.

'Yar Malam:

To Malam, mu koma inda ka faro,
Sin ta haura shekara 40 da buɗewa.
Jikokin manoman nan 18,
Yaushe za su zaɓi mai mulkinsu da kaɗawa?
Ka kawo baitin da zai amsa wannan,
Ina nan zaune, ina saurarawa.